Kafin yaran nan su buɗe fotal, iyaye mu yi magana

Tun farkon Janairu 'yata ta gama tura takardunta na neman jami'a a Amurka, fom ɗin ƙarshe ma ana saura 'yan awoyi a rufe ta danna shi, ta kashe kwamfuta ta ce "Baba toh ni dai na gama nawa", ta wuce ɗaki ta kwanta. Ni kuwa daga wannan daren nawa aikin ya fara, aikin da ba wanda ya sa ni kuma ba abun da yake ƙarawa, wato jira. Ga shi yanzu mun shigo Maris, watan da manyan jami'o'in nan suke sakin amsa, kuma duk uba ko uwar da ke cikin wannan layin ya san me nake nufi, ka farka ƙarfe uku na dare ka lalubo waya ka duba imel alhali ka san sarai ba da tsakar dare ake turowa ba, kuma ba ma kai za a turo wa ba, yarinyar za a turo wa.

Abun da ya sa na zauna rubuta wannan ya faru ne a Disamba. Akwai jami'a ɗaya da ta ƙwallafa rai a kanta, ta nema a zagayen farko, wanda ake rufewa 1 ga Nuwamba a ba da amsa tsakiyar Disamba. Ranar da amsar ta fito ina tsaye a bayanta, hannuna a kan kujerar da take zaune, ta saka lambar sirri ta danna. Ba su ɗauke ta ba, ba su kuma ƙi ta ba, sun ce sun ɗage maganarta zuwa zagayen Maris za su sake dubawa tare da sauran jama'a. Wallahi yarinyar nan ko sakan biyar ba ta yi tana kallon rubutun ba, juyowa ta yi ta kalli fuskata. Bakina ya ce ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri, amma fuskata ta riga bakina magana. Bayan kwana biyu mahaifiyarta take gaya mun ta same ta tana kuka a ɗaki, kuma ba makarantar take wa kuka ba, cewa ta yi "Mama na ba Baba kunya". Har yau in na tuna wannan kalmar sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Shi ya sa nake so in faɗa wa 'yan uwana iyaye abun da na yarda da shi yanzu, wasiƙar nan da muke jira ba hukunci ba ce a kan yaranmu, ba kuma sakamakon jarabawar tarbiyyar da muka yi ba ce, kuma duk wanda bai gaya wa ɗansa haka da bakinsa ba kafin a buɗe fotal ɗin, wato shafin intanet da jami'a ke saka amsa a ciki, toh ya makara, domin abun da ka faɗa bayan an ƙi yaro lallashi zai ɗauke shi, abun da ka faɗa bayan an ɗauke shi kuma zai ɗauka ladan nasara ce. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ga wanda bai san yadda abun yake ba, jami'o'i takwas ɗin nan da ake kira Ivy League, wato Harvard, Yale, Princeton, Columbia, Penn, Brown, Dartmouth da Cornell, rana ɗaya suke sakin amsarsu a ƙarshen Maris, da yamma, duk a lokaci guda. Jami'ar MIT ita kuma ta saba sakin tata ranar 14 ga Maris saboda a tsarin rubuta kwanan wata na can 3.14 ke nan, lambar nan ta lissafi. Amsa uku ce kawai, an ɗauke ka, an ƙi ka, ko an saka ka a jerin jira. Daga nan yaro yana da zuwa 1 ga Mayu ya zaɓi inda zai je ya biya kuɗin kama gurbi. A Ingila masu neman Oxford ko Cambridge tun Oktoba suke rufewa, su yi intabiyu a Disamba, Janairu a gaya musu, kuma ba a ma yarda ka nemi su biyun a shekara ɗaya ba. Kalanda ce ta bambanta, amma dukan uku-ukun da zuciyar iyaye ke yi duk iri ɗaya ne.

Yanzu mu duba lissafin tsakani da Allah. A 2022 mutum 61,220 suka nemi Harvard, ta ɗauki 1,954, wato kashi 3.19 cikin ɗari. A 2024 mutum 54,008 suka nema, aka ɗauki 1,937. Ka tara yara ɗari a ɗaki ɗaya ka ce 96 su tashi su tafi gida, abun da ake nufi ke nan. Kuma waɗannan 96 ɗin fa ba daƙiƙai ba ne, galibinsu su ne na ɗaya ko na biyu a makarantunsu, su ne waɗanda malamai ke buga misali da su, yaran da suka yi shekara huɗu suna kwana a kan littafi. Inda a ce maki kawai ake dubawa da masu maki cikakke sun cika kujerun sun yi saura. Toh in dai haka ne ta yaya za a ce wanda ba a ɗauka ba ya kasa? Me ya kasa? Kujera ce ba ta isa ba, kuma tun kafin a haifi yaron ba ta isa ba.

Mu iyaye muna ɗauka layi ake jerawa daga mafi ƙoƙari zuwa ƙasa a yanke a inda kujeru suka ƙare. Sam ba haka ake yi ba. Aji suke haɗawa, kamar mai haɗa ƙungiyar ƙwallo, in yana da masu tsaron gida biyu ba zai ɗauki na uku ba ko da ya fi kowa iyawa. Suna son mai kaza daga jiha kaza, suna son wanda zai karanci fannin da ba shi da ɗalibai, kocin wasa kaza yana da nasa mutanen da ya riga ya ware. Ɗanka bai san wannan lissafin ba, kai ma ba ka sani ba, kuma bana daban yake da na bara. Wanda ya karanta fayil ɗin 'yarka mai yiwuwa mintuna kaɗan ya yi a kai, giredinta na shekara huɗu, jerin ayyuka goma da Common App, fom ɗin neman jami'o'i na bai ɗaya, ya ba da fili, wasiƙun malamai, da rubutun nan na kalma 650 da ta yi wata uku tana gogewa tana sake rubutawa. Shekara goma sha bakwai na rayuwar mutum a cikin 'yan mintuna. Ba na zargin mai karatun, dubban fayil ne a gabansa, amma don Allah kar mu ɗauki abun da ya fito daga wannan ɗakin mu mai da shi ma'aunin darajar yaro.

Kuma ba zato nake yi ba, kotu ce ta tona. Ƙarar nan da aka shigar da Harvard tun 2014, aka yi zamanta a Boston a 2018, har ta kai Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 29 ga Yuni 2023 ta hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai, ita ce ta tilasta aka fito da bayanan cikin gida. A nan aka ga ana ba kowane mai nema maki a ɓangaren karatu, da ayyukan waje, da wasanni, da kuma wani ɓangare wai na "hali", wanda masu ƙarar suka ce ana ba 'yan asalin Asiya ƙaramin maki a cikinsa. Aka ga 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kusan ɗaya cikin uku ake ɗauka, a shekarun da sauran jama'a suke fama da wajen kashi 6. Masana tattalin arziki da suka bi bayanan suka gano wajen kashi 43 na fararen fatar da aka ɗauka ko dai 'yan wasa ne, ko 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, ko 'ya'yan ma'aikatan jami'ar, ko kuma suna cikin wani lis na musamman da 'ya'yan masu ba da gudummawar kuɗi ke shiga. Sai kuma binciken Raj Chetty da David Deming da John Friedman na 2023, da ya nuna yaron da ya fito daga gidajen da ke kashi ɗaya na sama a arziki ya ninka ɗan matsakaicin gida fiye da sau biyu wajen zama ɗalibi a waɗannan jami'o'in, alhali makinsu na SAT, jarabawar neman shiga jami'a, ɗaya ne. Maki ɗaya fa. Kuma wasannin da ake ware wa gurbi ba duka ba ne irin wanda kowane yaro ke iya bugawa a titi, akwai tseren kwale-kwale da wasan takobi da sukwash, waɗanda sai mai hali ke iya kai ɗansa ya koya.

Hatta zagayen farkon nan akwai magana a ciki. A jami'o'i da yawa in ka nema da wuri ka sa hannu ke nan cewa in sun ɗauke ka dole can za ka, ba ka da damar jiran sauran ka kwatanta wa ya fi ba da tallafi. Wanda kuɗi ba matsalarsa ba ne zai sa hannu ido rufe, wanda kuwa dala dubu biyar ke iya canja masa lissafin shekara sai ya yi ta jan ƙafa, alhali a wannan zagayen ne aka fi samun shiga.

Duk wannan na faɗe shi ne ba don in ce yaran da aka ɗauka ba su cancanta ba, sun cancanta, sun sha wuya, kuma ina musu murna har zuciyata. Abun da nake cewa shi ne waɗanda aka bari ma sun cancanta.

Toh bari in dawo kanmu, don nan ne gizo ke saƙar. Ku saurari yadda muke magana, "mun nemi goma sha biyu", "mun samu intabiyu", "an ɗage mu", "muna jiran Yale". Mu wa? Yaro ne ya zauna jarabawa, yaro ne zai tafi ya zauna a hostel cikin sanyi shi kaɗai, amma mun bi mun mamaye abun har ya zama kamar shi ne ɗan rakiya. Ina cikin wani guruf na iyaye a WhatsApp, mutanen kirki ne wallahi, amma tun Fabrairu guruf ɗin ya koma wani abu daban, wannan ya turo cewa ya ji an fara tura wa wasu wasiƙar albishir a ɓoye, waccan ta ce in aka nemi ƙarin takardun haraji a fotal alama ce an ɗauki yaro, wani ya ce a'a ba alama ba ce, a kwana ana fassara abun da ba shi da fassara. Kuma kowa na tambayar ɗan'uwansa "ya labarin taku?" da murya mai taushi, amma ƙasan tambayar awo ake yi. Na fahimci dalili, don ni ma ina ciki. Ka yi shekara da shekaru kana hana kanka kana biyan kuɗin makaranta da na lesin, kana kai yaro nan kana ɗauko shi can, babu wanda ya taɓa ba ka takardar shaida cewa ka iya uba, sai ga wata babbar jami'a mai shekara ɗari uku da wani abu za ta buga hatimi, sai zuciya ta raya maka hatimin naka ne. Ba naka ba ne. Kuma yaran suna jin wannan nauyin ko ba mu furta ba, suna ganinsa a yadda muke shiru a mota, a yadda muke ambatar ɗan wane da ya samu bara.

In ana so a ga inda wannan cutar ke kai mutum a tuna abun da ya fashe a Maris 2019, lokacin da masu gabatar da ƙara a Amurka suka gurfanar da mutum 50, 33 daga ciki iyaye ne, kan harƙallar wani mai suna Rick Singer da ya karɓi wajen dala miliyan 25 yana shigar da 'ya'yan masu kuɗi ta bayan gida. 'Yar fim Felicity Huffman ta biya dala 15,000 aka gyara wa 'yarta amsoshin SAT, aka yanke mata kwana 14 a gidan yari. Lori Loughlin da mijinta suka biya dala 500,000 aka shigar da 'ya'yansu mata biyu jami'ar USC ta California a matsayin 'yan tseren kwale-kwale, wasan da ba sa yi. Mutane sun fi kallon kuɗin da ɗaurin, ni kuwa abun da ya fi tsaya mun a rai shi ne 'yar Huffman ba ta ma san an yi ba. Ka yi tunanin yarinya ta wayi gari ta gano cewa mahaifiyarta ba ta yarda za ta iya da kanta ba. Mu ba mu da irin kuɗinsu kuma Allah ya kiyaye mu da irin aikinsu, amma uban da ya zauna ya sake rubuta wa ɗansa rubutun kalma 650 ɗin nan har muryar yaron ta ɓace, saƙon da ya aika masa bai yi nisa da wancan ba.

Na san wani zai ce malam kana faɗar haka ne don ka kwantar wa kanka da hankali, sunan makaranta yana aiki a duniya. Gaskiya ne yana aiki, ba zan yi ƙarya ba. Wannan binciken na su Chetty ɗin dai shi ya nuna jami'o'i goma sha biyun nan, Ivy takwas da Stanford da MIT da Duke da Chicago, ko rabin kashi ɗaya na Amurkawa ba sa ɗauka, amma su suka fitar da kusan kwata na sanatocin ƙasar da mafi yawan alƙalan Kotun Ƙoli na rabin ƙarnin da ya wuce. In burin yaro shi ne can ƙololuwa, ƙofar tana taimakawa. Sai dai akwai wani tsohon bincike na Stacy Dale da Alan Krueger, na 2002 wanda suka sake bi a 2011, da ya kwatanta yaran da ƙarfinsu ɗaya, wasu suka je jami'a mai tsananin tankaɗe wasu suka je wadda ba ta kai ta ba, bayan shekaru aka duba abun da suke samu aka ga kusan babu bambanci. Ma'ana yaron da ya kai matsayin da zai nemi irin wannan makarantar, ƙwazonsa yana tare da shi duk inda ya je, ba a bakin get ake raba shi ba. Amma sun ware wasu, baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da waɗanda iyayensu ba su yi zurfin karatu ba, su kam zuwa babbar jami'a ya ƙara musu sosai, don su ne ba su da wanda zai ɗaga waya ya yi musu hanya.

Ga kuma maganar kuɗi, wadda ita ce ke hana wasu iyayen barci ba suna ba. Kuɗin shekara ɗaya a irin waɗannan makarantun, karatu da ɗaki da abinci, ya haura dala 80,000. Amma abun mamaki su ne kuma suka fi kowa ba da tallafi, Princeton tun 2001 ta cire bashi daga tallafinta, Harvard a 2025 ta sanar cewa gidan da ke samun dala 100,000 zuwa ƙasa a shekara komai kyauta ne, zuwa 200,000 kuma ba kuɗin karatu. Ga ɗalibin da ke nema daga wajen Amurka ma abun ya fi tsanani, don jami'o'in da ba sa duba aljihun baƙo kafin su ɗauke shi 'yan kaɗan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth. Don haka akwai gidan da a wurinsu wasiƙar nan ita ce bambancin karatu kyauta da bashin shekara ashirin, ko ma bambancin tafiya da rashin tafiya. Irin wannan uban ba zan ce masa ya daina damuwa ba, damuwarsa tana kan hanya. Abun da zan roƙe shi kawai shi ne ya ɗauki damuwar a kafaɗarsa, kar ya ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha bakwai cewa shi ne zai ceci gida da wasiƙar da ba shi da iko a kanta.

Su ma jami'o'in ba zan wanke su ba. Harvard tana da dukiyar ajiya da ta haura dala biliyan 50, amma yawan ɗaliban da take ɗauka shekara da shekaru yana nan kusan inda yake, masu nema kuwa sun ninka sun sake ninkawa. Suna aika wa yara takardun talla masu ƙyalli suna cewa ku nema ku nema, alhali sun san inda za a ƙare, don duk lokacin da kason waɗanda aka ɗauka ya ragu martabar makaranta ƙaruwa take. Fom ɗaya na Common App kana iya tura shi jami'o'i 20, lokacin korona kuma aka ce SAT ba dole ba ne sai kowa ya ce bari in gwada sa'a, tsoro ya sa yara suna ƙara yawan inda suke nema, yawan neman ya sa kason ya ƙara faɗuwa, faɗuwar ta ƙara tsoron. Daga baya MIT ta dawo da jarabawar a 2022, Dartmouth da Yale da Brown da Harvard suka biyo a 2024. Stanford tun 2018 ta daina shelanta kasonta don wai a rage wannan tseren, amma ɓoye lamba ba ya ƙara kujera. In da gaske suke su ƙara gurabe, su kuma daina fifita 'ya'yan tsofaffin ɗalibai kamar yadda Johns Hopkins da Amherst suka yi, MIT ma ba ta duba wannan kuma ba ta rushe ba.

Amma wannan faɗan ba mu za mu gama shi kafin ƙarshen Maris ba. Abun da ke hannunmu shi ne gidajenmu. Ni dai abun da na gani shi ne maganar kuɗi a yi ta yanzu, a zauna da yaro a gaya masa ga iya abun da za mu iya, don babu cin amana kamar a bari yaro ya yi tsallen murna sannan bayan sati biyu a ce masa ba hali. Sannan makarantar nan da ta riga ta ɗauke shi, wadda ake ce wa ta ko-ta-kwana, a daina ambatonta da murya ƙasa-ƙasa kamar abun kunya, a buɗe shafinta tare a duba kwasa-kwasanta da malamanta, domin akwai yiwuwar can ɗin zai je, kuma bai kamata ya shiga makarantarsa ranar farko yana jin iyayensa sun raina ta ba. 'Yan uwa da abokan arziki masu kira suna tambaya kuwa, a tare su a bakin ƙofa, "in akwai labari ita za ta faɗa muku da kanta", shi ke nan. Labarin nata ne, na daɗi ko akasinsa.

Sai maganar bidiyo, don Allah don Annabi a ajiye waya. Waɗannan bidiyoyin da ke yawo a YouTube da TikTok, yaro a gaban kwamfuta dangi sun kewaye shi ana ihu ana rungume-rungume, na waɗanda aka ɗauka ne aka fi gani, kuma su kaɗan ne. A kowane gida ɗaya da aka yi ihu akwai gidaje ashirin da wani abu da aka saita kyamara sannan aka kashe ta shiru. Ka tambayi kanka ya yaron nan zai ji yana karanta "muna baƙin cikin sanar da kai" ga kyamara a fuskarsa ga ƙannensa a tsaye. In kuma Allah ya sa an dace, a yi murna a yi godiya, amma a tuna a ajinsu akwai abokinsa da suka yi karatun tare wanda yau ba zai iya cin abinci ba, kwana ɗaya ko biyu kafin a watsa a Facebook ba zai rage komai ba. Wanda aka saka a jerin jira kuma a rubuta wasiƙa ɗaya a nuna har yanzu ana so, sannan a kama gurbi a wani wuri kafin 1 ga Mayu a ci gaba da rayuwa, don wata shekarar su ɗebi da dama daga jerin wata shekarar ko mutum ɗaya, kar a bar yaro yana jiran gawon shanu har Yuli.

Ni sai da na yi wata biyu kafin na iya buɗe baki. Satin da ya wuce na same ta tana aikin makaranta, na ja kujera na zauna na ce mata ina so in ba ta haƙuri kan ranar nan ta Disamba. Ta ce "Baba ai ba ka ce komai ba". Na ce na sani, fuskata ce ta ce, kuma abun da ta faɗa ba gaskiya ba ne. Na gaya mata na ga daren da ta raba tana karatu, na karanta rubutunta na ji muryarta a ciki, kuma ni a wurina maganar ta ƙare tun ranar da ta danna fom na ƙarshe, babu wani kwamiti da zai ƙara mun ko ya rage mun komai game da ita. Ta yi shiru ta daɗe tana juya biro a hannu, sannan ta ce tana da roƙo ɗaya, ranar da amsoshin za su fito ita kaɗai take so ta buɗe, a ɗakinta, ƙofa a rufe, kuma kar kowa ya ƙwanƙwasa sai ta fito da kanta ko da zai kai gobe. Na ce an gama. Har na miƙe na kai bakin ƙofa ta ce "Baba, in duk suka ƙi ni fa?" Na ce ai akwai wadda ta riga ta ce tana son ki tun Janairu, kuma sun sa ranar da sabbin ɗalibai za su je su ga makaranta a Afrilu, ni da Mamanki mun riga mun ɗauki hutun ranar a wurin aiki.